Ƙafar da Iya Ta Ɗaure

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Injamena da ke sa tabarma ta ƙona bayan mutum ko a cikin inuwa yake. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙas-ƙas, kafin azahar ruwan buta ya isa a yi wa mai jego wanka. Yara sai kuka suke wai ba su taɓa ganin irinsa ba. Ni kam na gani. Watan azumi zagayawa yake yi, sai ya shekara talatin da 'yan kai kafin ya dawo inda ya bari, to bana ya dawo daidai inda ya same ni ina 'yar shekara goma. Gaskiya ban yi murna da dawowarsa ba.

Zulai nake, a unguwar Marjandafak aka haife ni, turaren wuta da humra nake haɗawa ina sayarwa. Mahaifiyata, Iya, a wurina take zaune tun rasuwar Baba. Ciwon suga ya taɓa mata ƙafa, kullum bayan la'asar ni nake wanke gyambon in sa magani in ɗaure. Ni ce 'yar farinta, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma da wasu take magana ta ce "waccan". Akwai wata magana tsakanina da ita da ba mu taɓa furtawa ba, akwai kuma godiyar da na daɗe ina so in yi mata. Kullum in ce gobe. Ga shi tana ta ramewa a gabana, ni kuma kunya ta riƙe mini baki.

'Yata Nafisa ce ta jawo maganar ba da saninta ba. Ta kawo wani fim na Hausa mai dogon zango a cikin kile, ɗan abin nan da ake loda fina-finai, ta soka a bayan talabijin, wai mu rage yini da shi. Yanzu muna da sola, ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba ruwanmu. Sai ya zama bayan azahar matan layinmu suna taruwa a rumfata, kowa da aikinta a cinya, masu tsince wake, masu ɓare tafarnuwa. Gwaggo Ashe, tsohuwar maƙwabciyarmu, sa'ar Iya, kullum sai ta ce kallon fim da azumi ba kyau, kuma kullum ita ke riga kowa zuwa ta kama wurin da fanka ke bugawa.

Labarin wata malamar makaranta ce, da mijinta da 'ya'yanta, ba ta rasa komai ba, amma ba ta iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa. Muna ta yi mata dariya, ana cewa aljanu ne. Sai ran nan aka koma baya, aka nuna tun tana ƙarama wani ɗan'uwan babanta ya yi mata fyaɗe. Ba su nuna komai ba. Ƙofa kawai aka nuna ta rufe, da 'yan takalman yarinyar a waje.

Can Mariyama, matar mahaucin nan da ke aiki a mayankar Farsha, ta ce, "Allah ya isa! Allah ya isa tsakaninta da kai!" tana nuna talabijin da wuƙar albasa, hawaye shaɓe-shaɓe. Wata ta ja 'yarta ta zaunar a cinya, yarinyar tana ta zillewa don zafi. Gwaggo Ashe ta gyara zama ta ce, "A'uzu billahi, da azumi a bakinmu? Ai wannan abin can ƙasarsu ne. Mu nan ba mu san shi ba."

Gari nake tankaɗe a lokacin. Sai na ajiye rariyar. Ban kalli Iya ba, ita ma na san ba ta kalle ni ba.

Waccan shekarar, azumi bai zo da zafi kaɗai ba, ya zo da babu. Ma'aikata sun daɗe ba a biya su ba, kasuwa ta mutu, Baba yakan wuni a shagon atamfa ya dawo bai auna ko yadi ba. Famfo ba ya kawo ruwa da rana, sai gab da asuba ya yi ta ɗiga kamar mai mura. Masu tura ruwa a amalanken da muke ce wa pus-pus suka zama manyan mutane, sai an bi su ana lallashi. A gidanmu ruwa ba ya zubewa sai ya gama aiki: a wanke gero da shi, a wanke kwanuka, abin da ya rage a yayyafa a tsakar gida don ƙasa ta huce. Randa kuwa buhu Iya ke jiƙawa ta naɗe ta da shi, wanda duk ya buɗe ta da rana sai ya sha ranƙwashi.

Da an yi sallar asuba mata ke fara aiki, kafin rana ta buɗe ido. Gida uku muke haɗa turmi. A surfa gero, a bushe, a wanke, a jiƙa, mu yara mu ɗauka mu kai inji mu bi layi. In rana ta take, unguwa ta mutu. Maza su jiƙa zanin gado su lulluɓa su kwanta a zaure, ba ka jin komai sai ƙudaje. Shekarar na fara kai azumi har magariba, leɓena ya tsage, yawuna ya yi kauri, in na miƙe da sauri sai in ga duhu. Bayan la'asar gida ya sake farkawa. A tace gasara, a jiƙa tsamiya, a dama kunu, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa madide. A dafa karkanji, zoɓo ke nan, da sukari kaɗan don babu. Nama sai in Baba ya samo ƙasusuwa daga Farsha. Ƙanƙara kuwa guda ɗaya ake saye a fasa wa gidajen uku, in an aike ni nakan rungumo ta a buhu, ruwan yana bin hannuna yana ɗiga ta gwiwa, ina kallonsa ba damar lasa.

Aikin da na fi so shi ne fifita kunu. Iya ba ta yarda kunu ya fita gidanta da zafi. Sai an ɗaga ludayi sama ana zubawa ana sake ɗebowa har tururin ya kwanta, don wanda ya wuni da ƙishirwa ba ya jira, kafa kai yake yi.

Sai kuma kai kwano. Kakanninmu matafiya ne, daga yamma suka taso za su Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare a nan suka zauna. Shi ya sa a unguwarmu ba a barin baƙo ko wanda iyalinsa ba sa kusa ya sha ruwa da cikinsa wayam. Ko babu komai a gida sai kwano ya fita. In rana ta yi ja, sai ka ga lunguna cike da yara da kwanuka a ka, ana gaisawa ana wucewa. Kuma kwano ba ya dawowa haka nan, sai an sako wani abu a ciki, ko ƙwayar sukari ce.

Nawa kwanon wurin aminin Baba nake kai shi. Ba zan faɗi sunansa ba, mu dai Kawu muke ce masa. Shi ke ba Baba atamfar da yake sayarwa, iyalinsa suna wani gari, yana zaune shi kaɗai a ɗakin bayan shagonsa. Kullum yakan sako mini dabinon garin Faya, mai laushin nan. Yara har kishi suke da ni.

Wata rana a tsakiyar watan ya ce in shigo da kwanon ciki, ya tura ƙofa. Abin da ya yi mini ba zan zana shi a nan ba. Ya ci zarafina, ni yarinya, shi da furfura a gemu, da azumi a bakinmu duka. Bayan nan ya cika kwanon da dabino, ya ce in na faɗa wa wani Baba zai rasa shago, mu mutu da yunwa. Na tuna na fito ana kiran salla, lungu ba kowa, ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa don na baro takalmina ɗaya.

Na ajiye kwanon a gaban Iya. Ta dubi dabinon, ta dube ni, ta dubi ƙafata. Ni da nake cinye rabi a hanya, ga shi ban taɓa ko ɗaya ba. Ƙanena ya miƙo mini guda, ina jin ƙamshinsa sai amai. Iya ba ta sha ruwa ba. Ta kama hannuna ta kai ni bayan gida, ta ɗebi bokiti guda cur daga ruwan gobe, ta yi mini wanka da kanta, abin da ta daɗe da dainawa. Ba ta tambaye ni komai ba, ban ce komai ba. A zuciyata na ɗauka fushi take yi da ni.

Da safe ta zaunar da ni a ɗakinta, ta yage bakin wani tsohon zane, ta kwaɓa lalle ta shafa a tafin ƙafata ta hagu, ta naɗe tam har jan ya ɓullo ta saman tsumman.

Ta ce, "Ke, kin taka kwalba. Kin ji ko? Ta shiga sosai. Ba kya iya tafiya."

Na ce, "To, Iya."

Da yamma Baba ya leƙo ya ce ina kwanon Kawu. Iya ta nuna masa ƙafar. Gwaggo Ashe tana wurin, lokacin da ƙuruciyarta, ta ce, "Ai ba komai, ga Hawa tawa nan ta kai." Har Hawa ta miƙo hannu, Iya ta fizge kwanon ta ce, "Ba 'yar da za ta kai. Ni zan kai."

Iya fa matar kulle ce, ko gidan suna sai bayan magariba take zuwa, da ɗan rakiya. Ranar ta naɗa lafai, dogon mayafin nan mai rufe jiki duka, ta fita da hasken rana, ta bi ta bakin shaguna, maza suna zazzaune suna jiran kiran salla, kowa na kallo. Ba ta jima ba ta dawo. Kwanon ba komai a ciki, gefensa ya lotsa. Ban taɓa ganin kwano ya dawo wayam ba sai ranar.

Washegari aka ce Kawu ya ƙone a ƙirji da hannu, wai butar shayi ce ta kife masa. Kafin Salla ya kwashe kayansa ya bar garin, bai ko yi wa Baba sallama ba.

Mun ji jiki ba kaɗan ba. Shagon Baba ya rufe. Sallar nan da tsofaffin kaya muka yi ta, Iya ta wanke ta turara su, ni ina ɗingishi da tsumma a ƙafa. Baba ya daɗe ba ya yi mata magana, a ganinsa ta je ta yi wa uban gidansa rashin kunya ta kashe masa hanyar abinci. Mata kuwa suka samu abin yi. Me ya kai matar aure ɗakin gwauro? Me ya sa ta hana yarinya ta kai, ta ce sai ita? In ta shiga taro sai a yi shiru. Gwaggo Ashe ta ji haushin fizge kwanon, ita ma ta sa bakinta. Iya ba ta kare kanta ba ko sau ɗaya, don kare kanta yana nufin ta ambaci sunana, a wancan zamani kuwa yarinyar da aka ambata ta gama yawo. Ta fara haɗa turaren wuta a ɗaki ana kai mata talla, da shi muka ci har Baba ya farfaɗo. Sana'ar da nake ci da ita yau ke nan. Baba ya rasu bai sani ba. Hawa ma yanzu da jikokinta, ba ta san abin da aka fizge daga hannunta ba.

Tun ranar ban ƙara cin dabino ba. Duk azumin duniya, in an miƙo mini, kafin in buɗe baki Iya za ta ce, "Waccan ba ta ci, yana ɓata mata ciki." Ko a gidan mijina da aka kai ni, sai da ta aika aka gaya wa uwar mijin.

Ba zan ce shirun bai ci ni ba. Ya ci ni ƙwarai. Na yi shekaru ina ganin kaina da datti, na yi shekaru in namiji ya tsaya a bakin ƙofa sai numfashina ya ɗauke. Har yau nakan tuna garin da mutumin nan ya koma, da yaran da ke kai kwano a can, sai in rasa barci. Amma sai da na haifi Nafisa, ta kai shekara goma, wata rana na ga ta ɗauko kwano a ka, sannan na gane abin da Iya ta ji a ranta ranar da ta yi mini wankan nan.

To, a fim ɗin nan, da aka zo ƙarshe, sai ta bayyana uwar malamar ta sani tun farko. Ce mata ta yi ta rufe bakinta kada ta tona wa dangi asiri, ta ci gaba da dafa wa mutumin abinci. Rumfa ta kaure. Mariyama ta ce da ita ce da tabarya za ta fasa masa kai. Wata ta ce faɗa da baki sauƙi gare shi, ina za ta je da yara in an sake ta? Wata matashiya da ba ta cika magana ba ta tashi ta fita ba sallama, ta bar wakenta a tire, na bi ta da ido na yi mata addu'a a zuci. Gwaggo Ashe ta ce ita dai abin da ba ta so ba shi ne yadda malamar ta tsaya a gaban mutane ta faɗa da bakinta, ina amfanin tone-tone bayan an girma?

Nan Nafisa ta harzuƙa. Yarinyar nan bakina ta ɗauko, ba ta tauna magana. Ta ce, "Haba Gwaggo! Shirun nan naku ne ya sa suke yi. Wallahi duk uwar da ta sani ta yi shiru, da ita aka yi."

Iya ta dafa sandarta ta miƙe ta shige ɗaki. Kowa ya ɗauka zafi ne. Da aka sha ruwa ta kurɓi ruwa kawai ta ture kunun. Washegari ma haka. Ita da likita ya hana ta azumi saboda sugan, sai ga ta tana wuni ba ci, ta juya fuska bango. Na tsorata. Na ga in na ƙara cewa gobe, tsohuwar nan za ta tafi da maganar Nafisa a ƙirjinta.

Bayan la'asar na shiga da ruwan ɗumi da bandeji. Ɗakin kamar tanda. Na ɗora ƙafarta a cinyata na warware, na wanke, ina ta neman ta inda zan fara. Da na zo naɗewa, kaina a sunkuye, na ce, "Iya, ni dai ban iya ɗauri kamar naki ba. Wanda kika yi mini shekarar kwalba har yau bai kwance ba."

Can ta ce, "Ni na ɗora miki kwanon a ka. Da hannuna. Har ina ce miki ki yi sauri kada ya huce." Ta ƙara da cewa, "Yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Na sani, na yi shiru."

Na ce, "Iya, waccan ta fim abinci ta ci gaba da dafa masa. Ke fa? Kin ba da shagon Baba, kin ba da sunanki, kin hana Hawa tafiya. Ni na ga kwanon da ya dawo. Na gode, Iya. Allah ya saka miki da Aljanna. Tun ina yarinya nake so in faɗa, kunyarki ta hana ni."

Na kifa fuskata a kan ƙafar ina kuka, ni da na kusa aurar da 'ya. Sai na ji tafinta a bayan wuyana. Rabon da ta taɓa ni haka tun wankan nan na bayan gida.

Da muka ɗan natsa na ce, "Wai me kika ce masa ranar?"

Ta ce, "Ni? Ban ce masa komai ba. Kunun dai ban fifita ba. A wuta na bar shi har na gama naɗa lafai."

Dariya ta ƙwace mini da majina da komai. Ita ma ta yi, haƙoranta biyun nan a waje. Ta ce, "Ke kuma kin kusa tona mu. Ran Salla kika manta, ta hagu na ɗaure kina ɗingisa ta dama. Sai da na mintsine ki a gaban baƙi."

Na gama ɗaurin, na kama ta muka fito tsakar gida. An yayyafa ruwa, ƙasa tana ƙamshi, rana ta yi ja a kan katanga. Yaran layi suna ta wucewa da kuloli, su bibbiyu, don ni na kafa wannan dokar tun da daɗewa, kwano a bakin ƙofa ake miƙa shi. Aka kira salla. Nafisa ta zagayo da farantin dabino, ta manta ta miƙo mini.

Iya ta ce, "Waccan ba ta ci, yana ɓa..." sai ta tsaya. Ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta yi.

Na ce, "Ba ciki ba ne, Nafisa. In mun yi salla ki zo ɗakina, zan gaya miki wacece kakarki."

Nafisa ta tsaya da faranti a hannu tana kallonmu. Iya ta turo kofinta gabana da bayan hannu ta ce, "Ke, zuba mini kunun nan, yunwa nake ji. Ki fifita shi tukuna."